Gara Inji Ya Karye a Kwamfuta da Ya Karye a Masussuka

Gabatarwa

Malam manomi, duk injin da ka gani a duniyar nan, tun daga na casar masara har zuwa jirgin sama, sai an gwada shi kafin a san ƙarfinsa da rauninsa. Abin tambaya shi ne: a ina aka yi gwajin, kuma wa ya biya kuɗinsa? A ƙasashen da masana'antu suka kafu, kamfani ne ke ɗaukar wannan nauyi tun kafin kaya su shiga kasuwa. A wurinmu kuwa, sau da yawa a kanka ake yin gwajin ba tare da an faɗa maka ba. Za ka sayar da hatsi ko ɗan bijimi ka sayo inji wurin mai walda, ka kai shi masussuka ana tsakiyar kaka, kafin a yi mako guda sandar ƙarfen da ke juya ganga ta tsinke. Ranar ce mai ƙirar zai gane cewa ƙarfen da ya sa ya yi siriri. Shi ya ƙaru da ilimi, kai ka biya kuɗin makarantar.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, lokaci ya yi da za a mayar da wannan kuskure inda ya fi araha, wato cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa. Injiniyoyin jiragen sama da na motoci sun daɗe da komawa can. Babu dalilin da zai hana injinan noma da ake ƙerawa a Nijeriya bin wannan hanya. Sai dai aikin ba zai yiwu ba sai da hannunka da na malamin gona, kamar yadda bayani zai zo.

Mene ne gwajin kwaikwayo?

Gwajin kwaikwayo shi ne a zana abu a cikin kwamfuta da duk ma'auninsa, a faɗa mata irin ƙarfen da za a yi shi da shi, da nauyin da zai ɗauka, da saurin da zai riƙa juyawa, sa'an nan a bar ta ta lissafa abin da zai same shi idan ya fara aiki. Babu sihiri a ciki. Dokokin da ke tafiyar da ƙarfe da iska da ruwa an san su tun da daɗewa. Abin da ya gagari ɗan Adam shi ne yawan lissafin, kwamfuta kuwa ba ta gajiya da lissafi.

Gwajin iri uku ne suka fi shafarmu. Na farko shi ne na ƙarfin abu. Ka dubi yadda mai noman rani ke raba gonarsa fangali-fangali don ya san ruwan da kowanne ya sha. Haka kwamfuta ke raba ƙarfe zuwa dubban 'yan gutsattsari, ta lissafa wahalar da kowane gutsure ke sha da wadda yake miƙa wa maƙwabcinsa. Daga ƙarshe sai ta fito da hoto mai launi: inda ya yi shuɗi lafiya lau, inda ya yi ja kuwa nan ne ƙarfen zai fara tsagewa. A 1956 wasu injiniyoyi huɗu a Amurka, da ke nazarin fukafukan jiragen kamfanin Boeing, suka wallafa bayanin da ya zama ginshiƙin wannan dabara, kuma a ƙarshen shekarun 1960 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta sa aka rubuta manhajar NASTRAN don yin wannan lissafi.

Na biyu shi ne na tafiyar iska da ruwa da zafi: ta ina iska ke bi idan fanka ta huro ta, ina take taruwa, ina ba ta kaiwa. Na uku shi ne na abubuwa masu ƙwayoyi, kamar hatsi da takin zamani da ƙasar noma. Masu bincike biyu, Cundall da Strack, su suka wallafa hanyarsa a 1979. A nan kwamfuta kan bi kowace ƙwaya ɗaya bayan ɗaya, ta ga inda ta bugi ƙarfe, da inda ta bugi 'yar'uwarta, da inda ta faɗi.

Abin da sauran masana'antu suka amfana

A da, idan za a ƙera sabon jirgin sama, sai an fara gina samfurinsa mai cikakken girma don a ga ko bututu da wayoyi da kusoshi za su zauna ba tare da wani ya tare wa wani hanya ba. Jirgin Boeing 777, wanda ya fara tashi a watan Yuni na 1994, shi ne jirgin fasinja na farko na kamfanin da aka zana shi ɗungurungum a kwamfuta, da wata manhajar Faransa mai suna CATIA. An harhaɗa sassansa a kan allon kwamfuta, aka gano waɗanda ke cin karo da juna, aka gyara su tun ba a yanka ƙarfe ba.

Masu ƙera motoci ma haka. Kafin zuwan wannan dabara, hanyar sanin ko direba zai tsira daga haɗari ita ce a ƙera mota a maka ta da bango, a duba ɓarnar, a gyara, a sake ƙera wata. A 1986 aka kwaikwayi karon wata ƙaramar motar Volkswagen samfurin Polo a cikin kwamfuta, lissafin ya ɗauki dare guda, sakamakon kuma ya yi kusa da na karon gaske. Yau kamfanoni kan fasa mota sau da yawa a kwamfuta kafin su fasa ta gaske. Da irin wannan hanya ake auna gadoji, da madatsun ruwa, da fukafukan injin samar da lantarki daga iska, har da ƙarfen da likita ke ɗaure wa mai karaya.

Ka lura da abin da ya haɗa su duka. Kuskuren da aka gano a kan allo, gogewa ake yi a sake zane. Wanda aka gano bayan an ƙera, sai an zubar da ƙarfe da ladan aiki. Wanda kuwa aka gano bayan kaya sun isa hannun mai saye, shi ke cin dukiya, wani lokaci har da rai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ina ruwan manomi?

Ruwanka a ciki babba ne. Mu ɗauki sandar injin casa. A ce tana juyi 600 a minti ɗaya, kana aiki awa takwas a yini. Wato juyi 288,000 ke nan kullum, cikin kwana huɗu ta haura miliyan ɗaya. A kowane juyi ƙarfen na ɗan tanƙwaruwa ya miƙe, kamar yadda ake lanƙwasa waya gaba da baya har ta katse. Shi ya sa inji kan yi aiki lafiya ranar da aka kunna maka shi a gaban shago, ya karye bayan mako guda. Lissafi ya nuna cewa idan aka ƙara kaurin sanda daga milimita 32 zuwa 40, ƙarfinta na jure murɗa kan kusa ninkawa biyu. Ya kuma nuna cewa ɗan ramin da aka huda a jikin faffaɗan ƙarfe da ake ja kan ninka wahalar da bakin ramin ke sha har sau uku. Mai walda da ke aiki da ido ba zai ga wannan ba. Kwamfuta za ta nuna shi da jan launi kafin a sayi ƙarfen.

Sai fankar da ke sheƙe ƙaiƙayi. Idan iskarta ta yi ƙarfi sai ta kwashi ƙwaya ta watsar tare da ƙaiƙayin, idan ta yi rauni sai ka cika buhu da datti, ɗan kasuwa ya karya maka farashi. Tsakanin waɗannan biyu akwai daidai, kuma daidan masara dabam, na gero dabam, na acca da riɗi dabam, tun da nauyin ƙwayarsu ba ɗaya ba ne. A kwamfuta ana iya gwada fanka iri ashirin cikin 'yan kwanaki. A shagon walda kuwa, wa zai ƙera fanka ashirin don ya zaɓi ɗaya?

Haka garma. Ɗan bambanci a lanƙwasar bakinta ko kusurwar da take shiga ƙasa na iya ƙara ko rage ƙarfin da ake bukata wajen janta. Ga mai shanun huɗa, wannan shi ne bambancin shanun da za su kai azahar suna aiki da waɗanda za su kwanta tun hantsi. Ga mai tarakta kuwa, kuɗin man dizal ne.

Mai noman rani shi ma yana da rabo. Ruwa na goguwa da jikin bututu yayin da yake tafiya, gogayyar kuma na cinye ƙarfin inji. Idan yawan ruwan da tsawon bututun ba su canza ba, komawa daga bututu mai inci 2 zuwa mai inci 3 kan rage asarar gogayya kusan sau bakwai. Akwai manhajar EPANET, wadda hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar a 1993 kuma take bayarwa kyauta, da za ta nuna wa injiniya ƙarfin ruwan da zai isa kowane lungu na gona kafin a binne bututu ko ɗaya.

A na'urar busar da amfanin gona, iska mai zafi kan bi hanyar da ta fi mata sauƙi. Sai wani faranti ya bushe ƙayau, wani kuma ya zauna da laima. Masarar da ba ta sauka zuwa laimar kashi 13 cikin ɗari ba, idan aka ɗura ta a buhu, funfuna ke binta, daga nan kuma sai gubar afilatokzin mai illa ga hanta. Gwajin tafiyar iska na nuna lungun da iska ba ta kaiwa, sai a matsar da ƙofar iska ko a sa abin da zai karkata ta.

Ko rumbun ƙarfe yana da nasa sirrin. Tun 1895 wani injiniyan Jamus mai suna Janssen ya nuna cewa hatsi ba ya danna bango kamar yadda ruwa ke yi, domin bangon ne ke ɗauke wani kaso na nauyinsa ta hanyar gogayya. Binciken da ya biyo baya ya nuna matsin kan ƙaru lokacin da ake zuƙe hatsin, musamman idan ta gefe guda yake fita. Saboda haka, kada ka yarda a huda wa dogon rumbun ƙarfe ƙofa a gefen da mai zanensa bai tanada ba.

Kwamfuta ba boka ba ce

Kada wannan yabo ya sa ka ɗauka duk abin da ya fito daga kwamfuta gaskiya ne. Abin da ka shuka a cikinta shi za ka girba. Ranar 23 ga Agusta, 1991, a kusa da birnin Stavanger na ƙasar Norwe, ana cikin gwada wani katafaren gindin kankare da aka gina don ɗora dandalin haƙo iskar gas a teku, mai suna Sleipner A, sai bangonsa ya tsage, ya nutse. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma an ƙiyasta asarar da kimanin dala miliyan 700. Da aka bincika, sai aka tarar cewa yadda aka rarraba gutsattsarin lissafin a wata mahaɗar bango bai yi daidai ba, har kwamfuta ta rage wahalar da wurin zai sha da kashi 47 cikin ɗari. Manhajar ta yi abin da aka umurce ta, masu umurnin ne suka yi tuntuɓe.

Idan haka ta faru ga ƙwararrun da ke da kuɗi da kayan aiki, mu sai mu ƙara hattara. Babban haɗarin da ke gabanmu shi ne aron alƙaluma. Injiniyan da ya ɗauko nauyin ƙwayar alkama da taurin ƙasar Turai daga littafi ya zuba a kwamfuta, zai sami amsa mai kyan gani, amma amsar gonar wani ce. Lakar fadamar Badeggi idan ta jiƙa tana liƙe wa ƙarfe, jigawar Daura kuwa tana cinye bakin garma kamar dutsen wasa wuƙa. Shinkafar da ta kwana uku a rana da wadda aka yanka jiya ba sa karyewa iri ɗaya. Ga ƙura, ga zafin bazara, ga man da wani lokaci akan gauraya. Waɗannan duka sai an auna su a nan gida. Shi ya sa har gobe masu ƙera motoci ba su daina fasa motar gaske ba, masu jirage kuma ba su daina lanƙwasa fiffiken gaske ba. Kwamfuta na rage yawan gwajin fili, amma hukuncin ƙarshe na fili ne. Gani ya kori ji.

Ga masu ja da wannan ra'ayi

Wani zai ce: ina mu ina wannan, mu da ko wutar lantarki ba ta ishe mu ba? Maƙeranmu sun shekara aru-aru suna ƙera fartanya da garma ba tare da kwamfuta ba. Wannan magana tana da ƙanshin gaskiya. Fartanya ta yi ɗaruruwan shekaru ana gyara siffarta hannu da hannu har ta dace da ƙasar kowane yanki. Amma injin da ke juyi ɗari shida a minti baƙo ne a maƙera, ba mu kuma da shekara ɗari da za mu jira ya gyaru ta hanyar karyewa a hannun talakawa.

Maganar tsada kuwa ta ragu ƙwarai. Ƙaramar kwamfutar da ɗalibin jami'a ke rataye da ita yau ta fi wadda ta yi lissafin karon motar nan a 1986 sauri nesa ba kusa ba. Akwai kuma manhajoji na kyauta, irin su OpenFOAM da aka saki a 2004 don lissafin iska da ruwa, da FreeCAD ta zane. Abin da ya rage shi ne horo da kuma alƙaluman gida.

Ba kuma ana nufin kowane mai walda sai ya mallaki kwamfuta ba. Aikin cibiyoyin bincike da jami'o'i da kwalejojin fasaha ne su yi lissafin, su gwada a fili, sa'an nan su miƙa wa masu ƙira zane mai sauƙin karantawa da ma'aunin da za su riƙa ɗorawa suna yanka. Nauyin da ke kan mai ƙira shi ne ya riƙe amana. Zanen da ya ce a sa sanda mai milimita 40 ta ƙarfe mai kyau, idan aka musanya ta da rodin gini ko wani ƙarfen da aka tsinto wurin 'yan gwangwan, lissafin ya tashi a banza.

Aikinka, malamin gona

Kai ne idon injiniya a karkara. Duk injin da ya lalace a yankinka darasi ne, idan ba a rubuta shi ba ya ɓace. Ka tanadi littafi na musamman, duk lokacin da aka kira ka ko ka ji labari, ka rubuta waɗannan:

1. Irin injin, da inda aka ƙera shi, da ƙarfin dokin injin da ke jansa.
2. Amfanin gonar da ake aiki a kai, da irinsa, da kwanakin da ya yi yana bushewa. Idan kana da na'urar auna laima, ka auna.
3. Idan kayan huɗa ne, irin ƙasar da yanayin danshinta.
4. Ainihin wurin da ya karye, da yawan kwanaki ko buhunan da ya yi kafin ya karye.
5. Duk wani canji da mai injin ya yi, musamman idan ya sauya girman ƙafar da bel ke bi don ƙara sauri.

Ka ɗauki hoto da wayarka, kuma kada ka bari a jefar da gutsuren ko a yi masa walda kafin ka gani. Fuskar karaya tana ba da labari. Idan wani ɓangarenta ya yi sumul da 'yan layuka masu lanƙwasa, ɗayan kuma ya yi kaushi, to tsagar ta daɗe tana ci a hankali kafin ragowar ya ɓalle, wato gajiyar ƙarfe ce, laifin kuma ya fi karkata ga zane ko walda. Idan kuwa duka fuskar kaushi ce ko ƙarfen ya murɗe, mai yiwuwa wani abu ne ya cije injin farat ɗaya, kamar dutse a cikin dami. Ka kai wannan rahoto taron da kuke yi da masana a hukumar bunƙasa aikin gona ta jiharku, don ya isa ga masu bincike. Rahoto goma daga ƙauyuka goma da ke nuna wuri ɗaya ya fi wa injiniya amfani fiye da littafi guda.

Kafin ka biya kuɗi

Kai kuma malam manomi, kana da iko a hannunka, wato kuɗinka. A jihar Nebraska ta Amurka, wani manomi ɗan majalisa mai suna Wilmot Crozier ya sayi tarakta da ba ta yi aikin da aka yi masa alkawari ba. Bai tsaya ga ƙorafi ba, ya jagoranci kafa doka a 1919 wadda ta wajabta gwada kowane samfurin tarakta a jami'ar jihar kafin a sayar da shi a can, aka kuma fara gwajin a 1920. Mu ma muna da Cibiyar Injinan Noma ta Ƙasa da ke Ilorin, wato NCAM, wadda gwada injinan noma da tantance ingancinsu ke cikin ayyukan da doka ta ɗora mata.

Saboda haka ka tambayi mai sayarwa: zanen wa ka bi? Wa ya gwada injin, a kan wane amfanin gona, na tsawon wane lokaci? Buhu nawa yake yi a awa, kuma kashi nawa yake fasawa? Wa ya saya bara, in je in ji daga bakinsa? Ka zo da damin gonarka a gwada a gabanka, kuma a bar injin ya yi aiki har ya ɗauki zafi. Idan aka ce maka kwamfuta ce ta zana shi, ka ce madalla, sa'an nan ka nemi sakamakon gwajin fili. Wanda ya yi aikinsa tsakani da Allah ba ya jin haushin tambaya. Idan kun haɗu a ƙungiya kuna saye tare, muryarku za ta fi kaiwa.

Kammalawa

Ƙasar da ke son rage dogaro da fartanya dole ta ƙera injinan da manomi zai amince ya zuba jarinsa a kansu. Duk injin da ya karye ana tsakiyar kaka, ba mai shi kaɗai yake karya wa gwiwa ba, har da maƙwabtansa goma da suka tsaya suna kallo kafin su yanke shawarar saye. Gwajin kwaikwayo hanya ce da ta amfani masu jirgi da masu mota, ta kuma yi arahar da za mu iya. Injiniya ya yi lissafi da alƙaluman ƙasarmu, mai walda ya bi zane da amana, malamin gona ya kawo rahoton abin da ya gani, manomi kuma ya ƙi biyan kuɗin injin da ba a gwada ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba mu damina mai albarka da kaka mai auki, amin.